Ka Karɓi Ɗakin Cikin Gandu

Illela, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Na-Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi kai ka lafiya inda za ka, shi tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, shi sa ka sauka hannun mutanen kirki. Innarka na gaishe ka, ko da yake gobe za ta yi kamar ba ta san za ka tafi ba. Na ba Goggonka takardar ga, na ce ta danƙa maka hannu da hannu kafin ka shiga motar Sakkwato. Ka karanta ta a hanya. Kada ka bari sai ka sauka, don abin da ke ciki ya shafi inda za ka aje jakarka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, katanga ɗaya ta raba ɗakina da naka, amma sai ga ni da biro. To, ka san halinmu. Kai ne na fari, ko sunanka ban taɓa kira ba, kuma tun da ka yi wayo maganarmu ba ta wuce "an ba dabbobi ruwa?" da "an ba su, Baba." Haka na taras, haka na yi, ba kuma ina cewa daidai ne ba. Abin da bakina ya kasa bari hannuna shi gwada. Sai dai ka yi haƙuri da rubutun. Ajin yaƙi da jahilci na yi, malaminmu ma cewa yake nawa kamar kaji sun yi tono.

Da farko dai na gode Allah. Shekara uku kana riƙe da takardar makarantar daji kana kabu-kabu tsakanin Illela da Konni, kana ɗaukar mata 'yan kasuwa da buhunan albasa, wannan ta ba ka naira waccan ta ba ka sefa. Ban taɓa ce maka komi ba. Amma duk ranar da na ji an ce babur ya faɗi a hanyar iyaka, sai in bar abin da nike yi in zo ƙofar gida in zauna kamar mai shan iska, har sai na ji ƙarar naka. Ranar da takarda ta zo anka ce an ɗauke ka malamin daji a gandun dajin gwamnati, ɗaki na shiga na yi sujada. Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka. Kai ba ka gani ba, don da na fito "to, madalla" kawai na ce maka na wuce masallaci.

Sai kuma na so in ɓata abin da hannuna, kuma shi ne dalilin wagga takarda.

Takardar aikin ta ba ka zaɓi biyu. Ko ka karɓi ɗaki a barikin ma'aikata da ke can cikin gandun, ko ka nemi masauki a garin da ke bakin ƙofa ka riƙa shiga da safe. Ka aiko Goggo ta gaya min kai na ciki kake so. Ban tambayi dalili ba, na sa anka kira ka. A gaban Bappanka da baƙi biyu na ɗaga murya na ce ɗana ba shi kwana cikin daji da birai kamar wanda ba shi da kowa, alhali ina da mai masauki a garin nan shekara talatin. Nan take na kira Alhaji Sanda a waya na roƙa maka ɗaki. Ya ce ɗaki har da shimfiɗa da tuwo, kuma kada in kuskura in yi mishi maganar haya. Na kashe waya ina jin kaina. Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba."

Bayan kwana uku Goggo ta tare ni a tsakar gida. Ka san ta, ita ta goye ni kafin ta goye ka, ba ta jin tsoron furfurata. Ta ce, "Ummaru, tuwon ɗan ga kwana uku ke nan yana komowa yadda anka kai shi. Aiki ya samu ko maigida ka samo mishi?" Na ce mata ta bar maganar da ba ta sani ba. Ashe ni ne ban sani ba. Saboda haka ga darasi na farko: duk ranar da Allah ya ɗora ka kan wani, ko mata ce ko ɗa ko ma'aikaci, in ka yanke magana ya ce "to" da sauri kanshi a ƙasa, kada ka tashi. Ka sake tambayarshi, ka kuma yi shiru ka saurara.

Kada ka ɗauka mugunta ce ta sa ni. Mu fatake haka muke. Tun ina saurayi ban taɓa shiga gari ba sai na san gidan da zan sauka. Mai masauki shi ne uwarka shi ne ubanka a garin da ba naka ba. Shi ka ba ka ɗaki, shi ka tsare maka dabbobi, shi ka tsaya maka in rigima ta tashi a kasuwar kara, in ka kwanta ciwo shi ka kai ka asibiti, in ka mutu shi ka yi maka sutura ya aiko gida. Mutumin da ya je gari ya kwana a tasha, mu a wurinmu ko ɗan iska ne ko ɓarawo. To ni a kaina ɗakin bariki tasha ce. Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne ɗaya gefen. Wanda ya sauke ka, ta hannunshi kake sayarwa, ba ka kunyata shi, in ya tambaye ka abu ba ka da bakin cewa a'a, don tuwonshi na cikinka. Ga bafatake wannan ba komi ba ne, ciniki ya haɗa ku, kowa na amfana. Mai kaki kuwa ba ciniki ya kai shi ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ina kara, rana ta take, muna lodin shanu, sai ga Haruna ƙanen Alhaji Sanda, wanda ke jan tirela. Munka gaisa. Ya riƙe hannuna bai saki ba, yana dariya, ya ce, "Malam Ummaru, ai Alhaji har fenti ya sa anka yi wa ɗakin. Tun ranar yake murna. Ya ce alhamdu lillahi, bana mun samu namu a ciki."

Na ce, "Naku mi?"

Ya ce, "Namu mana. Ɗanka ai ɗanmu ne. Ka san in rani ya yi rani, dabba ba ta san iyaka ba."

Ya sake ni ya tafi wajen motarshi. Ni kuwa na tsaya da igiya a hannu har dillali ya taɓa ni ya ce mi ya faru. Kalmar nan "namu" ba baƙuwa ba ce a kunnena. Na taɓa jin ta a bakin uban Alhaji Sanda, a zauren gidan nan da na roƙa maka ɗaki.

Ba ka san wanga labari ba, Innarka ma ba ta san shi duka ba. Kafin a haife ka, lokacin muna ruga a gefen Tozai, anka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin tsakiyar rani ƙasa ta koma kamar tafin hannu. Tabkin Kalmalo ya ja da baya, kowa ya kai dabbobinshi can, ko kara ɗaya bai rage ba. Kakanka ya tara abin da ya saura na shanunmu ya ce in yi kudu da su, in Allah ya sa suna da sauran kwana to, in babu kuma ba laifina. Na daɗe a hanya. Kafin in isa garin nan na bakin gandu, haƙarƙarin kowace saniya ana iya ƙirga shi daga nesa, biyu kuma sun kwanta a hanya na yanka. Anka nuna min gidan uban Sanda na sauka. Sanda sa'ana ne, a nan munka san juna.

A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wani malamin daji, mutumin kudu ne amma ya ji Hausa, da matarshi da 'ya'ya mata biyu. Ba a karɓar mishi haya. Kullum akushi na shiga ɗakinshi, da Salla har ɗinki ake yi wa 'yan matan. Maigidan in zai nuna shi ga baƙo cewa yake, "Ga namu nan." Mutum ne mai fara'a. Da ya ga yadda ƙafafuna sunka fashe, shi ya ɗauko min magani daga cikin akwatinshi, bai san ni ba bai san ubana ba.

Wata safiya muna karin kumallo a zaure, koko da ƙosai, sai maigidan ya ce, kamar mai tambayar lafiyar iyali, "Malam, makon ga ta wane gefe za ku yi sintiri?" Mutumin ya tsaya da ludayi a hannu yana duban ƙasa. Ba wanda ya yi mishi barazana, ba wanda ya nuna mishi kwabo. Maigidan ma ƙosai ya ƙara tura mishi. Can sai ya ce, "Gabas." Mu kuwa kafin hantsi mun yi yamma da shanu, Sanda na gaba.

Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan da rani ba, har gwiwa, ga ruwa kwance a ƙorama. Kwana goma sha biyu shanuna na ciki, sunka miƙe sunka fara sheƙi. Ba mu kaɗai ba ne, wasu garkunan sun biyo sawunmu. Sai wani daga cikinsu ya sa wuta don sabon toho ya fito, wutar ta ƙwace ta cinye daji mai yawa. Manya sunka zo daga babban ofis suna tambayar yadda anka yi shanu sunka yi kwanaki a ciki ba su haɗu da 'yan sintiri ba. Ba su sha wahalar bincike ba, duk gari ya san wanda ke zaune gidan wa. Anka kore shi daga aiki.

Na gan shi ranar da zai tafi. Ranar kasuwa ce. An ɗora gadonshi da katifa a bayan a-kori-kura, matar na zaune kan buhu ta rungume tukunya, 'yan matan sun riƙe juna. Rigar gida ce a jikinshi. Ya gan ni, na gan shi. Sai na juya na shiga rumfar mai goro, na tsaya ina taya goron da ba ni da niyyar saye har motar ta tashi. Da yamma maigidan ya ce, "Allah sarki, abincinshi ya ƙare a nan," ya sa anka share ɗakin.

A lokacin, a raina cewa na yi mutumin ne rago, wa ya matse mishi baki? Ko sunanshi ban riƙe ba. Shanun nan da sunka rayu kuwa, su ne asalin duk abin da ka buɗe ido ka gani: gidan ga, da rumfar kara, da makarantar da ka yi. Shekara talatin na danne maganar har na ɗauka ta mutu. Ranar Lahadi na bi Haruna wajen motarshi na ce wane ɗaki ne anka yi wa fenti. Ya ce na kusa da zaure, mai taga wajen rijiya. Shi ne ɗakin mutumin nan. Da bakina na roƙa maka shi, har ina godiya.

To ka ji. Na janye maganata, na cire ta daga wuyanka. Ka karɓi ɗakin cikin gandu kamar yadda ka so tun farko. Kai ka hango abin da ni ban hango ba, kunya ce ta hana ka faɗa.

Ka kuma san wani abu game da yadda ake kayar da mai kaki. Ba da ambulan ɗin kuɗi ake fara zo mishi ba, wanda ya zo da ambulan ai ka gane shi tun daga ƙofa. Da fura ake zuwa, da gaisuwa, da "yaya mutanen gida," wata da watanni ba a nemi komi ba. Ranar da za a nema kuma abu ne ƙarami, kalma ɗaya. Kuma ba miyagu ne ke tambayar ba, wannan shi ne wuyar abin. Alhaji Sanda mutumin kirki ne. Ya taɓa goya ni a bayanshi zuwa asibiti lokacin da sa ya taka ni. Shi dabbobinshi yake gani suna ramewa, ba shi ganin wani abu bayan wannan, kamar yadda ni ma ban gani ba. Don haka kada ka zauna inda ba ka iya cewa a'a. In wata rana ka yi aure ka ga bariki ya yi muku ƙunci, ka kama haya a gari, gidan da za ka biya da aljihunka, kuma ka fara dubawa ko maigidan na da garke ko bindigar farauta.

Ba sai ka je ka ba Alhaji haƙuri ba, ni na ƙulla, ni na kwance. Ranar Litinin bayan azahar na kira shi. A nan ma sai da na yi wani kuskuren, don da ƙarya na fara. Na ce ofis ne ya tilasta wa sababbi zama ciki.

Ya yi dariya ya ce, "Ummaru, biyu daga cikinsu a layinmu suke haya. Gaya min gaskiya."

Kunya ta rufe ni, tsoho da ni an kama ni kamar mai satar nama a miya. Na ce, "Alhaji, ka tuna malamin dajin da ya zauna gidanku shekarar fari? Mai 'ya'ya mata biyu?"

Ya ce, "An yi su da yawa, Ummaru. Wanne daga ciki?"

Na ce, "To nawa ba shi shiga cikinsu."

Ya ce, "Ashe tuwon gidana guba ne? Kai da ka ci shi shekara talatin?"

Na ce, "Na ci, na gode, har gobe ina godiya. Amma ni bafatake ne. Shi rantsuwa zai yi."

Ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya kashe waya. Jiya na hangi Haruna a gidan mai, ya kau da kai. Mai yiwuwa na rasa masauki a garin nan ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi min ciwo ƙwarai. Amma ranar da munka yi wayar nan na shigo gida na ci malmala biyu har na nemi ƙari. Goggo ta dube ni ta ce, "Yau kuma busharar mi anka yi maka?" Rabon da in ji ƙirjina sakayau haka na manta. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, in za ka ƙi abu kada ka raɓe bayan ƙarya. Ka yi gaisuwa mai kyau, ka faɗi a'a ɗinka, ka tsaya a kai. Ƙaryar da na yi ba ta rage mishi ɓacin rai ba, ni ta ƙara wa kunya.

Yanzu kada ka ɗauka aljanna na tura ka. Na je na sami wani tsohon malamin daji da ke sayar da maganin dabbobi bayan tasha, na sa ya ba ni labarin bariki. Ya ce ruwan burtsatse ne, wutar sola ce, sabis kuma sai ka hau kan wani dutse ka ɗaga waya sama. Ana rufe ƙofa kafin magariba, wanda ke ciki yana ciki. Birai na ɗauke duk abin da ka bari a taga, har sabulu. Ƙudan tsando na cizo ta cikin riga. Da damina hanya na yankewa kwanaki. A waje kuwa ga kasuwa, ga mai shayi, ga masallacin Juma'a, ga jama'a. Amma ya ce na waje kullum a gajiye suke isowa, kuma duk gari na ganin lokacin da sunka fita da gefen da sunka nufa. Na saya maka gidan sauro da tocila da buta mai murfi, suna cikin buhun da Goggo za ta ba ka. Garin fura da kilishi na Innarka ne, kada ka ce mata na faɗa.

Abin da nike tsorar maka a ciki ba birai ba ne, halina ne da ka gado. Lokacin da munka baro ruga na dawo Illela, shekara biyu ban ci abinci da kowa ba. Gani nike mutanen gari za su yi wa Hausata dariya. In gama kasuwa in shige ɗakin bayan rumfa in ja ƙyaure. Wata rana zazzaɓi ya kayar da ni, kwana uku ina kwance ba wanda ya sani, sai da Malam Isa mai canji ya zo aron tabarma ya tura ƙofa. Da na farfaɗo ya ce min, "Kai Bafillace, da ka mutu a nan wa za mu ce ya mutu? Ko sunan ubanka ba mu sani ba." Tun ranar nike cin abinci a inuwarsu, kuma ka ga shi ne ya raɗa wa ƙanenka suna. Kai ma kada ka ja ƙyaure. Waɗanda za ka taras a bariki, wani ba yarenku ɗaya ba, wani ba addininku ɗaya ba, amma su ne za su bi bayanka a daji, su ne za su ɗauko ka in maciji ya sare ka. Ka sa hannu a kwanonsu, ka buɗe musu kilishinka, ka san sunayen 'ya'yansu. Ranar Juma'a kuma ka fito gari. In ka ga Alhaji Sanda a masallaci ka je ka durƙusa ka gaishe shi, uba ne gare ka ko ya amsa ko bai amsa ba. In ya ja ka gida, ka tafi da abokin aiki, ka sha ruwa a zaure ka yi sallama.

Sai maganar makiyaya. Za ka kama su, aikinka ne. Amma akwai kamu akwai wulaƙanci. Shekarar da anka sa ni cikin shugabannin kara, kaina ya kumbura. Wani tsoho ya kawo saniya mai ciwo, doka ta ce a fitar da ita, kuma gaskiya ne. Sai na tsaya tsakiyar jama'a ina mishi tsawa da Hausa, alhali na ga Fulatanci kawai ya iya. Ya bari na gama, sa'an nan ya tambaye ni da harshenmu, a hankali, "Kai ɗan wane ne?" Na kasa faɗin sunan kakanka. Saniyar dai an fitar da ita, da tsawa da ba tsawa fita za ta yi. Kai in ka tare mutum ka yi mishi magana da harshen da yake ji, ka gaya mishi laifinshi, kada ka mare shi, kada ka cire mishi hula, kada ka bari a doki dabba. Yunwa ce ta kawo shi, ba raini ba.

Saura magana ɗaya, ita na fi jin nauyin rubutawa. Bappanka zai yi kudu da garke bana, kuma wajen nan ya nufa. Cikin garken akwai nawa, ka san su, wasu ma kai ka yi kiwonsu. Jiya na hau babur na je rugarshi na ce mishi, "Yaya, ka sani ba mu da kowa a cikin gandun nan." Ya yi dariya ya ce yaro ba shi manta nonon da ya sha. Na maimaita mishi har sau uku. Ban sani ba ko ya ji, ka san Bappanka.

Ina fata ba za ku haɗu ba, ina kuma roƙon Allah a kan haka. Amma in wata rana kuna sintiri kunka ci karo da jajayen shanu a cikin iyaka, ka duba ka ga tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar garkenmu, kada ka hau dutse neman sabis don ka kira ni. Na riga na ba ka amsa. In an tsare su an tsare, ni na yafe nawa. Bappanka zai zo nan ya zage ni, ƙanenshi ne ni, na saba, kai ba ruwanka. In ya kira ka ɗan ƙanena a gaban abokan aikinka, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi gajiya da lafiyar iyali, sa'an nan ka ciro littafinka ka rubuta.

Allah shi yi maka albarka, shi yi wa aikinka albarka. Shi tsare ka daga abin da ke tafiya da ciki da mai tafiya da ƙafa huɗu da mai tafiya da biyu. Shi ba ka abokan zama nagari, shi sa ka gama da mutuncinka, shi maido mana kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar daji. In ka isa ka kira Goggo, ita za ta gaya mana.

Ka yafe min abin da na ɗora maka. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ummaru.